Ranar da Oom Kerneels Ya Rasa Inda Zai Tofa

Duk wanda ya taɓa zuwa kwarinmu na Kogin Breede yawon gonakin inabi, da wuya a ce bai shiga motar Oom Kerneels Plaatjies ba, wato Kawu Kerneels a yarenmu. Wata farar ƙaramar bas ce da ta sha duniya, ƙofarta ma sai an haɗa da ƙafa take rufuwa. Da safe yakan kwashi baƙi a masaukin da nake girki, tsaf da su suna ƙanshin turare, ya bi da su gona-gona suna ɗanɗana giya. Da la'asar ya dawo mini da su fuska jajur, takalma a hannu, suna rera waƙoƙin ƙasarsu. Tun muna matasa muke maƙwabtaka da shi, kuma tun lokacin muke faɗa.

Abin da baƙin ba su sani ba, mutumin nan ko ɗigon giya bai taɓa shiga bakinsa ba. Amma zo ka ji shi a bakin sitiyari! "Gonar nan jar giyarsu akwai nauyi, ku fara cin gurasa. Ta gaba kuwa fara ce, ƙanshin gwaiba take yi." Duk a bakin masu zuba giya ya tsinto.

Nakan ce masa, "Kerneels, kai dai makaho ne mai tallar madubi."

Shi kuma ya ce, "Mieta, likita ma ba ya shan maganin da yake rubutawa. Koma kan tukunyarki."

Dalilinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Mahaifinsa, Oupa Jafta, wato Kaka Jafta, ya yi aikin gona ne a zamanin da ake haɗa wa ma'aikata lada da giya, a auna musu a gwangwani safe da rana da yamma. Haka ta cinye shi tun bai tsufa ba. Ranar da aka binne shi, Kerneels ya dafa Littafi Mai Tsarki a gaban uwarsa ya rantse ba zai taɓa haɗiyar giya ba har ya koma ga Allah. Bai saɓa ba, har ya zama dattijon coci.

Sai dai akwai abin da ya tsana fiye da shan. A kowace gona akwai ɗan bokitin ƙarfe a kan tebur, masu ji da kansu sukan kurɓa, su kurkure baki, su tofar a ciki. Wannan al'ada tana ci masa tuwo a ƙwarya.

"Mutum ya shekara yana sassabe, ya tsinke inabi cikin zafin Fabrairu," in ji shi, "sannan wani ƙato mai gajeren wando ya zo ya tofar da guminsa a bokiti? Duk wanda ya tofar da aikin mutum a gaban idonsa, ba a yi masa tarbiyya ba!"

Ya faɗa a bakin coci, ya faɗa a gidan biki, ya faɗa a wurin makoki. Ni kuwa na sha gaya masa baki shi ke yanka wuya.

Ana nan sai 'yarsa Ronelda, wadda ta fara da wanke kofuna a wata gona, ta tafi makaranta ta koyo haɗa giya. Albasa ba ta yi halin ruwa ba, in ji 'yan coci. Shi dai da motarsa ma ya kai ta makarantar. Da ma'aikatan gonar da kakanta ya yi wa bauta suka samu nasu kason filin, ita suka danƙa wa gangunan. Giyar farko da ta fito ta sa mata suna Jafta.

Ranar buɗe kwalba aka jera tebura a inuwa bakin kogi. Fasto ya zo, tsofaffin ma'aikata sun sha kwalliya, ni ina gefe ina gasa gurasa a kan garwashi. Kerneels ya iso da Jamusawa cike da mota, waɗanda tun safe yake cika musu kunne har suka ɗauke shi gagarabadan masana.

Ronelda ta zuba kofin farko ta nufo ubanta. Na ji ta raɗa masa, "Pa, sunsuna kawai, ya isa."

"'Yata ta yi abu in sunsuna kamar kare?" Kafin a ce kwabo ya kurɓa, kurɓi kuwa mai kyau.

Sai a nan ya tuna. Gaba kura, baya siyaki. In ya haɗiye, ga Fasto, ga rantsuwa. In ya tofar, ga Ronelda tsaye, ga duk waɗanda ya yi wa wa'azin bokiti. Ya tsaya ƙiƙam, kumatu suntum, idanu suna neman faɗowa.

Ni kuwa da ma ina jiran irin wannan rana. Na goge hannu, na ɗauko bokitin, na miƙa masa har da rusunawa. "Bismillah, Kerneels. Na wanke maka shi tas."

Hararar da ya watsa mini, da wuƙa ce da yanzu wani labari ake. Jamusawa da suka ga babban masani ya riƙe giya a baki bai haɗiye ba, su ma suka kurɓa suka riƙe. Ya juya ya kama hanya, suka bi shi a layi, kowa kumatu a kumbure kamar masu ciwon hangum. Muka mara musu baya, dariya har tana neman kayar da Fasto.

Bai tsaya ba sai can saman tudu, wajen tsofaffin itatuwan inabin da mahaifinsa ya dasa. Ya durƙusa da ƙyar, ya cire hula, ya sunkuya ya zubar da kurɓin a hankali a gindin ɗaya.

"Pa," ya ce, "ga ta jikarka. Wannan ba a gwangwani aka auna ta ba. Kuma filin namu ne."

Jamusawa ba su ji abin da ya ce ba, amma suka durƙusa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zuba nasa a gindin itace cikin ladabi. Ni da na zo da dariya, sai ga ni ina share hawaye da bakin zane, bokiti a hannu. Tausayinsa ya kama ni, kuma na ji haushin hakan.

Ronelda ta kama hannunsa ta tashe shi. "To, Pa? Yaya ka ji ta?"

Ya goge baki, ya yamutsa fuska. "Tsakani da Allah, 'yar nan, ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Ina gwaibar da nake ta gaya wa mutane?"

"To me ya hana ka tofarwa a bokitin Antie Mieta?"

Ya dube ta kamar ta yi saɓo.

"Ai giyarki ce fa, guminki ne."