Behest a Kan Marmara

Ni a aji uku na ƙaramar sakandare na tsaya. Bayan nan na taɓa kanikanci, na ja keke napep, na yi wata biyu tare da masunta a Tagwai, babu inda na cika shekara. Shagon rubutun allo da ke Tunga ne wuri na farko da zama bai ishe ni ba, don hannuna ya iya harafi ko da Turancin bai zauna a kaina ba. Sai dai Oga, mai shagon, ya gaya min tun ranar farko, in na ɓata dutsen marmara ɗaya, in kama gabana.

Wata Laraba, wata tsohuwar malamar makaranta, shugabar mata manoma a wani ƙauye bayan Maikunkele, ta zo da marmara guda da takarda. An haƙa musu rijiyar burtsatse, za a buɗe ranar Asabar. Tana zaune tana ba mu labari, wai ƙungiyar 'yan asalin ƙauyen da ke birni ta daɗe da yi musu alkawari, sai da matan suka tsare taron ƙarshen shekara suka ce ba wanda zai tashi sai an sa rana.

Bayan ta tafi Oga ya karanta takardar, ya kai kan "at the behest of the women farmers", ya yi tsaki.

"Tsufa ya kama Mama. On behalf take nufi, a madadin."

Ya soke da jan biro, ya ce in sassaƙa washegari, shi zai tafi sayen fenti.

Abin da ya tsaya min a rai, rubutun Mama ne. Harafi a tsaye, babu goge ko ɗaya. Mai irin wannan hannu ba za ta ƙirƙiro kalma ba. Na buɗe ƙamus a waya, sai ga ta. Behest, wato umarni, amma umarnin da ya sa babbar riga. Ba ka jin ta a tasha ko kasuwa, sai a takardar manya, kuma kusan kullum a jere ɗaya take zuwa, "bisa umarnin wane". Na gangara ƙasa na ga asalinta. A tsohon Turanci ma'anarta alkawari ce, daga baya ta juye ta zama umarni. Na yi dariya ni kaɗai. Labarin rijiyar ke nan gaba ɗaya.

Na kira Oga.

"Ɗan aji uku, kai za ka koya min Turanci? Yi abin da na ce."

Ya kashe. Lambar Mama kuma tana wayarsa.

Na zagaya dutsen ya fi sau goma. Marmara ba allo ba ne da za a shafe da fenti. Na tuna garejin da na bari, na tuna ƙarnin kifi, sannan na shimfiɗa haruffan yadda Mama ta rubuta, na kunna inji.

Ranar Juma'a da safe Oga ya gani, sai ya ɗauko takalmana na aiki ya ajiye a bakin ƙofa. Ana haka Mama ta sauka daga keke. Ta sa tabarau, ta bi layin da yatsa.

"Mama, ki yi haƙuri," in ji Oga. "Na gyara kuskuren, yaron nan ya ƙi ji."

"Wane kuskure, ɗana?"

Ya nuna mata jan biron.

"Madadi ai wanda ba ya nan ake yi wa. Mu muna nan. Mu muka ce a yi, aka yi." Ta juyo gare ni. "A wace makaranta ka gama?"

"Ban gama ba, Mama."

"To, ka fi wasu da na ba takardar shaida da hannuna."

Muka sa mata dutsen a keke, ta tafi. Oga ya daɗe yana goge teburin da babu datti. Can ya jawo takardun aiki uku daga aljihun tebur ya turo min.

"Farfesa, duba min waɗannan kafin a taɓa dutse."

Na zauna a kujerarsa, wadda ban taɓa zama a kai ba. A takarda ta biyu na samu kuskure na gaske. Na miƙa hannu na ce ya ba ni jan biron.