Ɗinkin da Yaya Ke Warwarewa

Sababbin ma'aikata a masana'antar ɗinkin nan suna cewa Yaya ba ta da kara. Ka karkace ɗinki da safe, kafin hutun rana ta kira ka gefe ta shimfiɗa maka rigar a kan tebur, ta ɗora yatsa a wurin, ta ce, "Duba nan. Me ke damunka?" Ba ta ɗaga murya, amma ba ta bari abu ya kwana. Su suna ganin haka aka haife ta. Ina! Da sun san ta shekara biyar baya, da sun kama bakinsu.

Yaya ta shigo masana'antar tana share ƙyallaye daga ƙarƙashin kekuna. Daga nan ta koma sa maɓalli, ta hau keke, a ƙarshe aka ba ta kujerar ƙarshe a layi na uku, kusa da taga. Mai wannan kujera ita ce idon layi: duk rigar da aka ɗinka sai ta bi ta hannunta kafin ta shiga kwali. Siririya ce, marar hayaniya, kullum da ɗan almakashi rataye a wuyanta da igiyar takalmi. Har waɗanda suka girme ta nesa ba kusa ba, Yaya suke ce mata.

Tun tana sabuwa wani shugaban layi ya taɓa ɗaga rigar da ta haɗa wa hannu a baibai, ya zaga da ita layi-layi ana sheƙa dariya. Ta yi wa kanta alkawari cewa in Allah ya ɗora ta a kan mutane, ba wanda zai ji kunya ta dalilinta. Ta kuwa cika. In ta ga ɗinki ya karkace, sai ta zame rigar ƙarƙashin teburinta, da hutun rana kowa ya fita cin abinci ta warware ta sake ɗinkawa. Mai laifin ma bai san ya yi ba. Layi na uku ya yi suna, ba a taɓa dawo musu da kaya, kowa yana son zama ƙarƙashin Yaya.

Kujera biyu gabanta akwai aminiyarta, mai ɗinkin aljihu, wadda ake kira Rediyo. Sunan ya bi jiki, don daga buɗe ƙofa zuwa tashi bakinta ba ya hutawa, labari, waƙa, tsokana, har ƙarar kekuna sai ta danne. Shekara ɗaya suka shigo, mota ɗaya suke hawa. Ranar da Yaya ta haifi ɗanta na fari Rediyo ce ta riƙe mata hannu, ranar da mijin Rediyo ya rasu Yaya ce ta zauna da ita kwana bakwai. Rediyo ba ta da gida nata, ba ta da gona, 'ya ɗaya gare ta. Abin alfaharinta a duniya aljihu ne.

"Aljihuna," in ji ta, "ko ruwa ka zuba ba ya yoyo. Tun da na hau keken nan ba a taɓa dawo mini da riga ba. Ku tambayi Yaya!"

Shekara goma sha biyar maganar gaskiya ce. Sai aljihun ya fara zamewa ta gefen hagu. Da fari ɗaya a mako, Yaya ta ce gajiya ce. Ya koma ɗaya kullum, ta ce baƙin cikin rashin miji ne, zai wuce. Ya koma biyar, shida, kuma ko da yaushe gefen hagu, kamar wani ke jan yadin. Yaya ta daina fita cin abinci gaba ɗaya. Rediyo takan dawo tana suɗe hannu ta same ta duƙe a kan keke.

"Yaya, ke dai aiki zai kashe ki. Dubi yadda kika koma kamar zare. Masu kamfanin nan ko gawarki ba za su raka ba."

Sai Yaya ta yi murmushi, ta rufe rigar da gwiwar hannu.

Kada a ce ba ta taɓa yunƙurin faɗa ba. Ta yi, sau biyu. Na farko a cikin mota, ta buɗe baki sai ta ga Rediyo tana share hawaye da bakin mayafi, ta haɗiye. Na biyu ta tarar da ita tana koya wa sababbin 'yan mata riƙon yadi, suna kallonta baki buɗe, ta ce a ranta, a bar kaza cikin gashinta. Haka aka ci shekara huɗu.

Sai kamfanin ya sauya hannu. Sababbin masu shi suka zo da nasu tsari. Aka ba kowace mai ɗinki lamba, ana manna ta a jikin duk abin da ta taɓa. Aka soke kujerar ƙarshe, aka kafa dogon teburin dubawa mai fitilu da mutum uku a kansa, aka kuma rataya allo a bango yana nuna lambar kowa da yawan kayan da aka dawo mata da su. Duk wadda nata ya wuce ƙima wata guda cur, za a sallame ta. Ita kuwa Yaya, da aka duba tarihin layinta aka ga fes, sai aka ɗaga ta ta zama shugabar sashe, layi uku a ƙarƙashinta, da ofis a sama mai gilashi.

Wa ya kai Rediyo murna? Ta taka rawa a tsakanin kekuna, ta ƙwace jakar Yaya ta ce ita za ta kai mata sama. A matakala ta yi tuntuɓe har sau biyu, tana dariya tana zagin wanda ya gina ta. Yaya tana biye, gabanta yana faɗuwa, don ita kaɗai ta san abin da allon nan zai nuna.

Makon farko aka dawo wa lamba ashirin da shida, lambar Rediyo, da riga talatin da ɗaya. Rediyo ta hau sama a fusace, ko sallama babu.

"Yaya, kin ga rainin yaran can? Ni za su koya wa aljihu? Wallahi keken ne, tun da suka taɓa shi ya lalace. Ki sa a sauya mini."

Ga ƙofa a buɗe, ga su su biyu, ba mai ji. Da Yaya ta ce mata zauna, ƙawata, akwai magana, da ko yaya an rage wani abu. Amma sai ta jawo takarda ta sa hannu a sauya keke. Mako na biyu ta sake sa hannu aka sauya wani. Da hutun rana takan sauko ta kwashi kwandon Rediyo ta gyara, amma aikin banza ne, teburin dubawa ya riga ya rubuta. Ta rame ta ƙara ramewa. Maigidanta ya tambaye ta ko girman da aka ba ta ciwo ne, ta ce masa ciwon kai ne kawai.

Mako na uku manaja ya kira ta. Matashi ne, mai ladabi, ba ya zama sai ta zauna.

"Mama, lamba ashirin da shida ta ɗaure mini kai. Shekara goma sha tara ba tabo, sai yanzu rana ɗaya? Mutum ba ya lalacewa haka. Saura mata mako guda, ni kuma ba na son sallamar tsohuwar hannu ban san dalili ba. Ke kika zauna bayanta, me kika sani?"

Yaya ta kafa wa tebur ido. Ta ce ita ma abin ya ba ta mamaki. Allah ya yafe mata wannan.

Manaja ya ce to bari ya gani da idonsa. Suka sauka tare, ya tsaya bayan Rediyo, hannu a baya. Bai yi minti biyar ba. Ya ga in za ta duba gefen hagu na yadi sai ta juya kanta gaba ɗaya. Ya ga tana laluben almakashi a kan tebur alhali ga shi nan dab da gwiwar hannunta. Ya durƙusa kusa da ita ya yi ƙasa da murya.

"Mama, yaushe rabonki da a duba miki ido?"

"Ido? Yaro, idona ras. Ina zura zare a allura ba tabarau."

"Na yarda. Amma ki daure ki je asibiti gobe, kamfani zai ba ki takarda."

Yaya tana tsaye ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Baƙo, ɗan jiya, ya faɗi a minti biyar abin da ita ta kasa tambaya a shekara huɗu. Ita aljihu take kallo, tana ta gyaran aljihu, ba ta taɓa tsayawa ta kalli matar da ke ɗinka shi ba.

Rediyo ba ta zo aiki washegari ba, ba ta zo jibi ba. Layi na uku ya yi tsit, sai ƙarar kekuna. Ranar Asabar da la'asar Yaya ta tafi gidan. 'Yar Rediyo ce ta buɗe mata, idanunta jawur, ta gaishe ta ta shigar da ita ɗaki. Rediyo tana zaune a bakin gado, hannuwa a cinya, ga kwalaben maganin ɗigawa biyu a kan kujera.

"Yaya, zo gabana, ta nan na fi ganinki," in ji ta. Yaya ta zauna a ƙasa a gabanta. "Wai wani ciwo ne mai cin gani daga gefe, a hankali, ba zafi ba ƙaiƙayi. Na hagu ya kusa tafiya, na dama ya fara. Abin da ya tafi kuma ya tafi. Keke dai an ce na haƙura da shi." Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Likitan har da yi mini faɗa, wai ina nake shekara uku, huɗu da suka wuce, da wannan ɗigon kaɗai ya tsare shi. Na ce masa malam, ta ina zan sani? Mu aikinmu shi ke faɗa mana. Ni kuwa aikina lafiya lau har watan jiya. Na ce in bai yarda ba ya tambayi Yaya."

Yaya ta sunkuyar da kai. Tana iya yin shiru, ba wanda zai taɓa sani. Amma ta gaji, wallahi ta gaji.

"Ba lafiya lau yake ba, ƙawata."

"Me?"

"Aljihunki. Shekara huɗu ke nan yana karkacewa ta hagu. Ni nake warwarewa ina sakewa da hutun rana. Ban so ki ji kunya ba."

A waje wani yana ta buga ƙofar maƙwabta. Rediyo ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Shekara huɗu," in ji ta a hankali. "Ina shigowa ina tsokanarki ba kya cin abinci, ashe ni kike ɗinkewa. Ina cika baki gaban yara, ina cewa a tambaye ki, kina jina."

"Don Allah ki yafe mini. Ƙaunarki ce ta sa."

"Na sani. Shi ne abin da ya fi ciwo ai." Muryarta ta karye. "Yaya, da maƙiyiyata aka ɗora a kujerar nan, da yau ina gani."

Yaya ta fashe da kuka. Ta miƙe da ƙyar, ta ɗauki jakarta, ta nufi ƙofa, amma ta kasa fita. Ta tsaya nan gefen gadon, ta hagun Rediyo, kusa har tana iya dafa kafaɗarta.

Rediyo tana kallon gabanta, inda Yaya ta tashi. Can ta kira 'yarta.

"Ta tafi?"

Yarinyar ta dubi Yaya.

"Ina nan," in ji Yaya. "Ban tafi ba."

Rediyo ta juyo da kanta gaba ɗaya har ta same ta. Ta dube ta sosai da idon da ya rage.

"To ki tafi," ta ce.