Gonar Inang Masni

Duk ɗalibin Arewa da ya zauna unguwar Pantai Dalam a Kuala Lumpur ya san Inang Masni, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan da ke tsaye bayan tukwane a kedai, wato ɗan shagon abincin da ke ƙasan benenmu, wadda ba ta zuba wa mutum abinci sai ta ji asalinsa. Ranar da muka fara shiga ni da maigidana Ɗayyabu, ludayi na hannunta ta tambaye mu 'yan wane gida ne. Muka ce daga Nijeriya muke. Ta ce ƙasa ba gida ba ce, sunan zuri'a take so, don a wurinsu mutanen Batak ba ka sanin yadda za ka kira mutum sai ka san gidansu. Ɗayyabu ya ce shi dai ɗan manoman shinkafa ne daga Kura.

Da ta ji shinkafa, sai ta ajiye ludayin. Tun daga ranar ta yanke hukunci ita kaɗai: Ɗayyabu ɗanta ne, ɗan gidan marigayi mijinta, ni kuma surukarta. Ta ce mu riƙa kiranta Inang, wato uwa. Ban yi musu ba, domin matar da ta koyi tuƙa tuwon shinkafa a mako ɗaya saboda mu ta fi ƙarfin musu. Miyar kukarta dai har yau ina roƙa mata gafara.

'Yar wani ƙauye ce a tsaunukan Sumatra ta Indonesiya, Musulma, mai faɗa da dariya a numfashi ɗaya. Ta zo Kuala Lumpur da mijinta yana aikin gini, ya rasu a nan, Allah bai ba su haihuwa ba. Shekaru ta yi tana soya taliya wa 'ya'yan wasu, amma hirarta ɗaya ce, gonarta. Ɗan fili ne na shinkafa a gangaren dutse, kusa da rafi, wanda mahaifinta ya nuna mata da sanda ya ce nata ne. Ta ce a ƙauyensu maza ke raba ƙasa, mace sai abin da uba ya ba ta kyauta, shi ma sai dangi sun zauna sun tabbatar. Yayanta Bahrum ne ke noma wurin tun tafiyarta, kuma wanda ya daɗe yana noma wuri yakan manta aro ne.

Wata rana da azahar na sauko yin tapau, wato sayen abincin tafiya da shi gida, na tarar da ita zaune ta yi tagumi, abin da ban taɓa gani ba. An aiko mata cewa dangi za su zauna raba gonaki kafin shuka. Ta ɗauko kofuna uku ta jera a tebur. Ta ce zaman dangi a wurinsu kamar murhu ne mai duwatsu uku: 'yan gida, da waɗanda suka ba gida matan aure, da waɗanda suka auri 'ya'yan gida. Dole wani daga ɓangaren mijinta ya zo ya roƙa mata, ita kuwa ba ta da kowa a can. Ta ture kofi ɗaya ya faɗi.

"Ɗana zai je," in ji ta. "Boleh? Zai yiwu?"

Na hau sama na gaya wa Ɗayyabu. Ya ce, "Nuriyya, ina da chapter uku a gaban supervisor fa." Na ce ya tuna tuwon da ya ci. Nan take ya yarda.

Bayan wahalar biza, muka hau jirgin ruwa, sannan mota. Kafin mu taso, Inang ta yi sayayya a kasuwar Jalan Masjid India kamar mai aurar da 'ya: yadudduka, mayafai, tukunyar lantarki har biyu. Motar kuwa ta ɗauki mutane da kaji da buhunan taki, direba ya saki kiɗa, yana shan kwana a bakin rami yana hira da na bayansa. Duk addu'ar da na sani sai da na karanta. Inang ta yi barcinta, ta farka tana nuna mana bishiyoyin kofi tana kiran sunan masu su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar zaman, Ɗayyabu ya fito cikin shadda fara mai aiki, da hula, da turare. Ya ce zai fitar da Inang kunya. Ya yi sallama, ya wuce kai tsaye ya zauna a tabarmar dattawa, kamar yadda baƙo mai mutunci ke yi a gida. Aka kawo abinci, ya ce alhamdulillahi ya ƙoshi, don ɗan Kura ba ya buɗe ciki gaban surukai. Bahrum ya kalli ƙanwarsa, ya kalli shaddar, ya ɗan murmusa irin na wanda gona ta riga ta zama tasa.

Inang ta lallaɓo ta bayansa, ta ja masa riga.

"Tashi lah," ta raɗa masa. "Ku ɓangaren miji ku ne masu aiki. Ku ke ɗebo ruwa, ku raba abinci. Kuma ƙin cin abincinsu raini ne."

Ɗayyabu ya dube ni, na kau da kai don kada dariya ta kuɓuce mini. Amma a nan ya burge ni. Ya miƙe, ya cire shaddar ya miƙo mini, aka ba shi zane ya ɗaura, ya shiga rabon shinkafa yana durƙusawa gaban kowane tsoho. Da ya gama, ya zauna bakin ƙofa ya cinye faranti biyu na kifi mai yaji, hawaye na zuba, tsofaffin mata suna ƙara masa.

Da aka ba shi damar magana, ya haɗa Malayancinsa na kedai, Inang na gyara masa. Ya ce ba gado suka zo nema ba, kyautar uba suka zo tunawa. Bahrum ya ce ya ji, amma gona ba ta son mai riga fara, wa zai gyara mata kunyar da ruwa ya karya? Ɗayyabu ya tambaya ina fartanya.

Duk ƙauyen ya bi mu gangaren. Ya shiga taɓo har gwiwa, ya shiga ɗaga kunya yana danna ta da ƙafa yadda ya saba tun yana yaro. Fartanyar tasu ba irin tamu ba ce, sau biyu ya zame ya zauna daɓas, yara suka yi ta shewa. Can sai Bahrum ya naɗe wandonsa ya shiga ya kama ɗaya gefen. Da suka haɗu a tsakiya, Bahrum ya ce da ƙanwarsa ta zo ta karɓi kayanta, tun da ta kawo ɗa. Da yamma aka yafa wa Ɗayyabu wani saƙaƙƙen mayafi a kafaɗa, aka yi addu'a.

Da safe muka haɗa kaya. Na leƙa ɗakin Inang na ga akwatinta a buɗe, fanko, tukwanen lantarki suna kan kanta. Na same ta a gona, ƙafa cikin ruwa, damin irin shinkafa a hannu. Na ce mota za ta tashi.

"Ku gaida min kedai," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Ke za ki riƙa tuƙa wa ɗana tuwo, kada ki cika ruwa."

Sai a lokacin na gane da hannunmu muka kai ta gida muka baro. Na yi mata murna har cikin raina, kuma na yi kuka tun daga ƙauyen har bakin teku. Ɗayyabu yana gefena, mayafin a kafaɗarsa, yana ta cire taɓo daga farcensa.