Kwakwar Manja a Kebbe, Shekara Goma Sha Biyu Bayan Baffa

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne Baffa Malam Umaru, ƙanen mahaifina, a Tambuwal. Allah ya jiƙansa. Ya bar akwatin littattafai da wasiyya guda: a miƙa shi ga jikansa na farko da ya yi karatu. Ni aka damƙa wa makullin.

A zauren Baffa ba a cewa an sauke littafi don an kai shafin ƙarshe. Sai ɗalibi ya rufe littafin, ya hau buzun malam, ya karantar da na ƙasa da shi, Baffa yana gefe yana jan casbaha. In ka yi tuntuɓe ba ya faɗa. Cewa kawai yake, "Koma, bai nuna ba." Na san mai gemun da ya koma sau huɗu.

A bana jikansa Nasiru, ɗan 'yarsa Balki da ke aure a Kebbe, ya gama jami'a a fannin aikin gona. Aka yanka rago, aka aiko mini in zo da makulli. Kafin a ci abinci ya miƙo mini kundin bincikensa a kan noma a ƙasar Kebbe, mai baƙin bango da rubutun ruwan zinariya. A shafi na tara na karanta cewa manoman Kebbe sun dogara ga noman koko da kwakwar manja, kuma damina wata tara take yi. Ashe wani ɗan kudu ne ya sha wahalar rubuta kundin a kan garinsu. Namu ya goge sunan garin, ya sa nasa. Wanda aka yaye da kunun gero bai ko karanta abin da ya sata ba.

Na ce, "Nasiru, kai ni in ga kwakwar nan."

Ya yi murmushi. "Kawu, kowa haka shika yi. Malamman ma ba su duba ba."

Bai yi ƙarya ba. Sa hannu uku na gani a shafin farko, kowanne da digirori jere kamar ayarin raƙuma. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da Baffa zai ga waɗannan malamai, ba na jin zai ba su tsaron takalma a ƙofar zaurensa.

Na so in yi tsawa, sai na tuna hulata. A shekarata ta biyu a jami'a na shiga jarrabawa da takarda naɗe a cikinta, na ci, ban faɗa wa kowa ba. Nakan ce mu dai mun ji kunya, 'yan yanzu kuwa a waya suke rabon amsa suna dariya. Amma kunyar da ba ta hana komai ba, abin tinƙaho ce?

Balki ta ce, "Yaya, ba shi kayan kakanai, mutane na kallo."

Na sa aka shimfiɗa buzu a gaban manoman da suka zo walima, na ce ya rufe kundin ya koya musu abu ɗaya. Ya dubi buzun, ya dubi wayarsa, bai zauna ba. Na ce, "Koma, bai nuna ba." Tun ranar Balki ba ta amsa gaisuwata.

Zauren Baffa ya zama shago, ɗalibansa sun watse. Abin da ya rage nasa shi ne kalmomin nan huɗu da akwati a rufe. Nakan kuma tuna cewa ina da digiri a hannu lokacin da ya yi wasiyyar, amma ya tsallake ni ya ambaci jika. Wataƙila Baffa ya san labarin hular.