Wakilin Jirgin da Ya Tambayi Shekarun Ɗana

Da mahaifiyata ta kwanta ciwo a wani tsibiri cikin Tafkin Chadi, na je Tashar Baga neman jirgin ruwan da zai kai mu, ni da autana ɗan shekara sha biyar. Wakilan masu jirage nan suke zama, cikin kwalayen bandar kifi.

Jirage biyu ne. Tsohon yana jiran rakiyar sojoji, sai ya yi mako bai tashi ba. Sabon kuwa mai inji biyu ne, yana ratsawa ta cikin ciyayin da mutanen daji masu bindigogi ke tare hanya. Yaron ya nace sai sabon.

"Hajiya, mu ba a taɓa mu," in ji wakilinsa. "Mun san su, sun san mu." Sai ya ƙura wa kafaɗun ɗana ido. "Wannan samarin shekarunsa nawa? Ya iya babur?"

Ni bai tambaye ni komai ba.

Na kama hannun yaron, ya fizge don kunya, na sake kamawa. Muka nufi wakilin tsohon jirgin, ina roƙon Allah Ya sa in tarar da mahaifiyata da rai.