Sai Ki Mutu Tukuna

Shekara goma sha ɗaya Lorna Petrakis ta yi tana ɗinka mana hotuna, teburinta na jikin nawa. Motar bincikenmu da ke duniyar Mars ba ta iya tafiya in sanyi ya shigo can, don da hasken rana take aiki, a lokacin kuwa rana ba ta isarta. Sai mu kafe ta a gangare tana fuskantar rana, ta yi wata da watanni tana ɗauko hoton ƙasar da ke kewaye da ita guntu-guntu. Lorna ce ke haɗa guntayen, dubu da ɗoriya, su zama hoto ɗaya. In ta yi ɗinki, ko da tabarau ba ka ganin bakin zaren. Shi ya sa ba wanda ke ganin ta ita ma.

Muna da al'ada: kowane babban hoto sunan wani abokin aiki da ya rasu ake sa masa. Lorna ba miji, ba ɗa, sai kyanwa. Abu ɗaya take so a duniya, ta ga sunanta a ƙasan aikinta. Ta taɓa roƙon shugabanmu, Dakta Halvorsen, a gaban kowa.

Ya ce, "Haba Lorna, kin fi kowa sanin doka. Sai ki mutu tukuna!"

Muka kwashe da dariya. Ni na fi kowa, har kofi ya sarƙe ni.

A sanyi na uku da motar ta yi a Mars, ciwon daji ya kama Lorna. Kowa ya sani. Daga gado ta ƙarasa ɗinkin hoton da ya fi duka girma, ta aiko mana ranar Talata. Ranar Alhamis aka zauna zaɓen suna. Wata daga cikinmu ta yi ƙarfin hali ta ce a jinkirta.

Halvorsen ya ce, "A jinkirta a jira me? Faɗi mana mu ji."

Kowa ya san mutuwar Lorna ake nufi. Aka sa sunan wani marigayi farfesa da bai taɓa sanin inda teburin Lorna yake ba. Na ɗaga hannu tare da su, kuma har yau ina jin kunyar wannan hannun.

Ranar Litinin Lorna ta cika. Motar ma ba ta farfaɗo daga sanyin ba, babu wani hoto bayan wannan.

Da aka gaya wa Halvorsen, ya girgiza kai, da alama har zuciyarsa abin ya taɓa shi. Ya ce, "Kash. Kwana huɗu kacal ta makara."