Sunan da Kaka Ba Ta Faɗa

Ina aji shida na firamare aka kawo mana wata malama 'yar Wusasa, Kirista ce, doguwa, mai saurin tafiya kamar kullum ana jiran ta a wani wuri. A ƙarƙashin teburinta akwai akwatin katako cike da littattafan Turanci, irin na labaran matsafa da tsuntsaye masu magana da yara masu ratsa cikin dutse. Duk Alhamis takan ba da aron ɗaya ga wanda ya yi alkawarin ba zai dawo da shi da tabon manja ba. Ni kam da na ɗanɗana sau ɗaya, shi ke nan aka kama ni. Ina tafe daga makaranta zuwa gidanmu a Kusfa ina karatu, har na taɓa yin karo da jakin mai itace.

A gida ne abin ya gagara. Lokacin karatuna bai wuce tsakanin azahar da la'asar ba, kuma daidai lokacin ne innata take tuna cewa tana da 'ya mai hannu biyu, ga surfe ga wanke-wanke. Mafakata ɗaya ce, ɗakin kakata ta wajen uba. Idanunta sun yi rauni a lokacin, amma hannunta bai manta kaɗi ba, tana zaune a kan tabarma da mazarinta da audugarta har rana ta yi sanyi.

Wata rana ta ji ina dariya ni kaɗai, ta tambayi abin da ya same ni. Na fara juya mata labarin da Hausa. Ban yi nisa ba ta ɗaga hannu ta tsayar da ni, ta ce ba a tatsuniya da rana, wanda ya yi sai ya ɓata, kuma ba a ɗakinta za a yi wannan gangancin ba. Ni kuwa tun ina ƙarama bakina ya fi ni girma.

"Kaka, ai ba tatsuniya ba ce. A rubuce yake, taɓa ki ji."

Sai da ta goge hannunta a zane kafin ta karɓa. Ta shafa bangon, ta gwada nauyinsa. Matar malami ce, shekara arba'in tana share ɗakin da kakana yake ajiye littattafansa a gafaka, kuma ba ta taɓa jin an ɗinke ƙarya an yi mata bango ba. A wurinta tatsuniya abin baki ce, abin da ya shiga takarda kuwa ya faru. Ta ce gaskiya ne, wa zai ɓata tawada a kan abin da ba a yi ba? Daga ranar ta gaya wa innata cewa ilimi nake karanta mata, kada a sake kira na wurin turmi. Na ji kamar babu mai wayona a cikin ganuwar Zariya.

Mun ci littafi huɗu a haka, kuma ban taɓa samun abokin karatu kamarta ba. Takan yi faɗa da mutanen cikin labarin kamar 'yan gidanmu ne. Yarinyar da ta shiga gidan tsohon matsafi ba sallama ta sha zagi, ta ce Turawa ma ashe suna fama da marasa tarbiyya. In maciji mai fukafukai ya fito sai mazarin ya tsaya, ta nemi tsari, sannan ta ce in ci gaba, uwar surutu, yau kuma bakin ya mutu?

Littafi na biyar labarin wata yarinya ne da ɗan'uwanta ya tafi bai dawo ba. A cikinsa akwai wani birni a bayan hamada, inda duk matafiyin da ya ɓace hanya yake tarar da kansa, ya zauna lafiya da ci da sha, amma ya manta gida. Ƙofar birnin ba ta buɗewa sai wani na jininsa ya kira shi da sunan yanka sau uku daga cikin gidan da aka haife shi.

Da na zo nan, Kaka ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta sa na maimaita wurin sau biyu, sannan ta tambaya ko birnin ta gabas yake.

Nan na gane abin da take nufi. Ɗanta na fari, yayan mahaifina, ya bi ayarin masu zuwa Makka a ƙasa tun kafin a haife ni. Saƙonsa na ƙarshe daga Sudan ya zo, daga nan shiru, fiye da shekara ashirin. Kowa a gidan ya haƙura ya bar wa Allah, ban da ita. Kuma da yake ɗan fari ne, tun ranar da aka raɗa masa suna ba ta taɓa kama sunan a bakinta ba. "Wancan yaron" take cewa. Ko wani yaro mai sunan ya shigo gidan, sai ta laƙa masa wani.

Kwana uku ta daina kaɗi. Ta ce in tambayi malamarmu ko masu littafin sun faɗi tafiyar kwana nawa ce daga birnin zuwa nan, ko kuma sai an aika da guzuri. Na je na gaya wa Malama komai, ina kuka, ina fatan ta ce ba komai. Ba ta ce ba. Ta ce wata mata ce ta zauna a ɗakinta a Ingila ta ƙago birnin da ƙofarsa, kuma ni da na ɗaure tsohuwa da igiyar nan, ni ce zan kwance ta. Na ji haushinta ƙwarai a ranar, don ta faɗi gaskiya.

Bayan azahar na durƙusa a gaban Kaka na faɗa mata. Na ce duk littattafan biyar tatsuniyoyi ne, babu birni, babu ƙofa, kuma na san haka tun farko, surfe nake gudu. Na jira ta kira innata a kawo tsumagiya, da ma hakan ya fi mini sauƙi.

Ba ta kira kowa ba. Can ta ce, "Ashe su ma suna ƙarya a takarda." Sannan ta ce, "Saki labulen nan, 'yar nan. Duba ko ubanki na tsakar gida."

Na leƙa na ce ba ya nan.

"Na ji abin da kika ce, babu birnin. To, in ƙarya ce, me na rasa? Kunya ce kawai, kuma ta ishe ni haka."

Ta gyara lulluɓinta, ta juya gabas, ta kira sunan. Da farko muryar ta sarƙe, don bakin bai saba ba. Na biyu ya fita sosai. Na uku ta ja shi, yadda mata suke kiran yaro ya bar wasa ya zo ya ci tuwo. Sannan ta karkata kunne wajen zaure, ni ma, da na san komai, na tsinci kaina ina saurare.

Bai dawo ba. Kaka ta rasu bayan damina biyu, kuma har yau ba mu san inda ƙasa ta rufe shi ba. Na yi ta zargin kaina shekaru da yawa, har yanzu ma ban gama ba. Amma a cikin 'ya'yanta da jikokinta duka, ni kaɗai ce na taɓa jin yadda sunan ɗanta yake fita a bakinta.